Ɗan ƙarfen da ke gindin bam: yadda ake gane makunnan bama-baman Ingila na yaƙin duniya na biyu

Shekara 80 kenan da ƙare yaƙin duniya na biyu amma har yau a Jamus ba a gama tone abinda jirage suka zubar ba. Duk shekara ana tono kusan tan 2,000 na bama-bamai da harsasai da sauran tarkacen yaƙi, yawanci a wajen aikin gini, katafila tana haƙa sai a ji haƙorinta ya daki ƙarfe. Rundunar jiragen Ingila masu kai hari kaɗai ta zuba abinda ya kusa tan miliyan ɗaya a tsawon yaƙin, kuma ƙiyasin da aka fi yi shine kusan ɗaya cikin goma bai fashe ba. In labari ya fito a jarida abinda kowa ke tambaya shine kilo nawa ne bam ɗin, mutum nawa aka kwashe daga gidajensu. Shi kuwa ma'aikacin da zai sauka cikin ramin tambayarsa daban ce, yana so ya san wane irin makunni ne a hanci ko a gindin bam ɗin, wato ɗan ƙarfen tagulla mai tayar da bam, da bai wuce tafin hannu ba. Girman bam shi ke nuna nisan da za a kwashe mutane, amma makunni shi ke nuna ko za a iya taɓa bam ɗin ma tukuna, ko kuwa dole a fasa shi a inda yake.

Bara mu fara da tsarin da Ingila ta bi, don ya sha bamban da na Jamus. Jamusawa makunnan lantarki suka fi amfani da su, na kamfanin Rheinmetall, ana zura su ta gefen bam, kuma a saman kan kowanne akwai lamba da aka buga. Sojojin Ingila masu kwance bam a Landan a 1940 da wannan lambar suka rayu, in sun ga 17 sun san agogo ne ke tafiya a ciki, in sun ga 50 sun san motsi kaɗan zai tayar da shi. Su Ingilishi kuwa nasu na inji ne zalla a mafi yawan manyan bama-bamai, allura da sifirin da farfela, kuma a hanci ko a wutsiya ake ɗaura su, kan layin tsawon bam ɗin. Sannan sun raba abin gida biyu. Akwai wanda suke kira fistol, shi babu ko ƙwayar abin fashewa a jikinsa, aikinsa kawai ya soki ditoneta, wato ɗan ƙaramin abin fashewa mai tayar da babban, da aka riga aka zura daban a cikin ramin bam. Akwai kuma fiyus, wanda shi yana ɗauke da nasa abin tayar da wuta a ciki. Wannan rabuwar tana da amfani ga masu loda jirgi, ana ajiye fistol a wani ɗaki, ditoneta a wani ɗaki, sai dab da tashi a haɗa. Amma ga mai kwancewa bayan shekara 70 ma'anarta itace cire fistol bai gama aiki ba, mafi haɗarin yana can ciki a maƙale.

Haka ta faru a Frankfurt ranar 3 ga Satumba 2017. An tono wani ƙaton bam na Ingila mai nauyin tan 1.8, samfurin HC 4000, a unguwar Westend kusa da jami'ar Goethe, aka kwashe mutum sama da 60,000 har da asibitoci biyu. Wannan samfurin makunni uku gare shi a hanci, an yi haka ne don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Ma'aikatan sun cire ukun, amma a biyu daga ciki ditoneta ta ƙi biyo su, sai da aka koma aka zaro ta daban, aikin ya ja har yamma mutane na zaune a manyan ɗakunan taro suna jira. Wanda bai san tsarin Ingila ba zai ɗauka da fistol ya fito shikenan.

To yaya ake gane wanne ne wanne? Mutane suna ɗauka lamba kawai ake karantawa, gaskiya lambar itace kusan abu na ƙarshe da ake kaiwa gare shi, in ma an kai. Gangar jiki ake fara dubawa. Bam na Ingila asalinsa kunne ɗaya gare shi da ake rataye shi a jirgi, na Amurka kuma kunne biyu a jere tsakaninsu inci 14. Sai siffa, tsoffin samfurin GP da Ingila ta shiga yaƙi da su masu kumburin ciki ne suna tsukewa zuwa baya, ƙarfe mai kauri, abin fashewar ciki bai kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu ba, shi yasa ma aka raina su. Samfurin MC da ya gaje su gefensa a miƙe yake, abin fashewa kusan rabin nauyi. HC kuwa kamar tankin ruwan zafi yake, ƙarfe siriri, kusan kashi uku cikin huɗu abin fashewa ne, an yi shi ne don ya yaye rufin gidaje da iska yadda ƙananan bama-baman gobara za su samu shiga. Kowane samfuri akwai jerin makunnan da ke shiga cikinsa, kaga da ka gane ganga ka rage yawan abinda kake zato. Fenti ma yana taimakawa in ya saura, da farko ruwan ɗorawa ake shafa musu daga baya aka koma kore mai duhu, da jan zobe a hanci mai nuna an cika bam ɗin, sai dai ƙasa mai damshi ba ta cika barin fenti ba.

Amma ko nan akwai inda ake zamewa. A 1944, lokacin da hare-hare suka yi yawa har masana'antun Ingila suka kasa wadatar da rundunarsu, jiragen Ingila sun jefa bama-bamai ƙirar Amurka masu yawa, wasu an ɗaura musu fistol na Ingila. Sannan wasu MC na baya an yi musu kunnuwa iri biyu don jirgin kowacce ƙasa ya iya ɗauka. Kenan ganin ganga ta Amurka ba ya tabbatar maka makunnin na Amurka ne.

In an samu sa'a kan makunnin ya fito fili aka wanke laka a hankali, akwai rubutu da aka buga a jikin tagullar: lambar samfuri, sai lambar gyara da ake rubutawa da haruffan Rumawa, sai harufan farko na sunan masana'anta, sai wata da shekara, wani lokacin da lambar rukunin da aka ƙera tare. Tagulla tana da kirki ta nan, ba ta ruɓewa kamar baƙin ƙarfe, rubutun 1943 zai iya fitowa raɗau. Sai dai lambar kanta tana da tarko, sabida fistol da fiyus da ditoneta kowanne da nasa jerin lambobi. Akwai fistol mai lamba 42 na hancin bam, akwai kuma fiyus mai lamba 42 da ake sa wa fitilun haska sama, abu biyu ne daban da ba su haɗa komai ba. Masu tara kayan tarihi suna yawan rikicewa a nan, mutum ya ga 42 ya buɗe littafi ya karanta shafin da ba nasa ba. Fiyus na baya-baya lambobinsu sun koma ɗari takwas da wani abu, misali 860 wanda ke aiki da nauyin iska, shi ake sa wa bama-baman alama da jiragen da ke kan gaba ke saki don su buɗe a sama su zubo wuta mai launi a kan inda za a kai hari. Rundunar ruwan Amurka ta tattara duk waɗannan a wani kundi mai lamba OP 1665 a 1946, da zane da awo na kowanne, har yau masu bincike da shi suke gwadawa.

Fistol na yau da kullum ba su da wuyar fahimta. Lamba 27 na hanci ne, bam ya daki ƙasa, ƙarfin dukan ya tura allura ciki. Lamba 28 da lamba 30 na gindi ne, a wutsiyar bam akwai 'yar farfela da iska ke juyawa yayin faɗowa, ita ke warware abinda ya riƙe allurar, in bam ya tsaya farat ɗaya sai allurar ta ci gaba da tafiya da nauyinta ta soki ditoneta. Bambancin 28 da 30 a bakin allura yake, ta 28 dakusasshiya ce ta 30 mai tsini, kuma kowacce da irin ditonetar da ta dace da ita. Lamba 44 kuma faifai ne siriri a hanci da matsin iska ke lotsawa, irin sa ake sa wa manyan HC don su tashi kafin gangarsu marar kauri ta tarwatse a banza. Waɗannan duka in sun ƙi tashi a ranar, yawanci suna nan kwance sai an dame su. Ba wai ba su da haɗari bane, sinadarin cikin ditoneta yana ƙara saurin fushi da tsufa, amma dai ba su da wani abu da ke tafiya da kansa a ciki.

Lamba 37 shine inda maganar take, kuma shi yasa nake ganin wannan ilimin na gane makunni ya wuce sha'awar masu tara tsoffin kaya. Fistol ne na gindi mai jinkiri, daga awa 6 har zuwa awa 144, wato kwana shida. A cikinsa akwai 'yar kwalba irin ta ruwan allura cike da asiton, sinadarin nan da ake goge fentin farce da shi. Farfela na juyawa a sama sai wani noti ya matse kwalbar ta fashe, asiton ya zubo kan faifan seluloyid, robar da ake yin tsohon fim ɗin silima da ita, kuma wannan robar ita ke riƙe da allura da sifirin ya riga ya ɗame. A hankali robar tana narkewa har ta saki. Manufar a fili take, bam ya kwanta shiru a cikin masana'anta ko tashar jirgin ƙasa, masu kashe gobara da masu tono mutane su shigo, ma'aikata su dawo bakin aiki, sannan ya tashi. Ko bai kashe kowa ba ya hana aiki na kwanaki, don ba wanda zai kusanci ramin da bai san me ke ciki ba. Duka ɓangarorin sun yi wannan, Jamus da agogo, Ingila da Amurka da sinadari, ni dai a wajena yana cikin mafi munin dabarun da aka ƙirƙira a yaƙin nan don kai tsaye masu ceto ya nufa.

Abu biyu suka ƙara masa muni. Na farko, yawancin samfuransa suna da tarko na hana cirewa, in aka fara warware shi daga gindin bam sai tarkon ya saki allurar nan take. Na biyu, daga waje an yi shi ya yi kama da 28 da 30 na yau da kullum. Kaga mai kwancewa yana tsaye gaban kawuna biyu masu kama da juna, ɗaya maganinsa a warware shi, ɗayan warwarewar ce ajalinsa. Akwai ƙananan alamomi a jikin kan da ƙwararru ke bambancewa da su, tun asali ma an yi su ne don masu loda jirgi na Ingila kar su rikice da kansu, amma ka tuna wannan kan ya daki ƙasa da gudu, wutsiya ta karye a kansa, ya kwana cikin laka shekara tamanin. Wani lokacin kuma a kan haɗa shi da fiyus mai lamba 845 a hanci, wanda shi aikinsa ya tashi in an motsa bam ɗin. Su kansu ma'aikatan Ingila tsoron 37 suke, bam ɗin da aka riga aka ɗaura masa shi ba a son jirgi ya dawo da shi gida, gara a zubar a teku. Aikin haɗa makunni ya ci rayuka tun a gida, a sansanin Spilsby ranar 10 ga Afrilu 1944 bam mai laba 1,000 ya tashi a rumfar da ake wannan aikin ya kashe ma'aikata goma.

Tambayar da ta fi damun mutane itace, in an yi shi ya tashi cikin kwana shida, me ya hana shi tashi har yau? Amsar tana cikin ƙasa. Bam in ya shiga ƙasa mai laushi ba ya tafiya a miƙe, yana lanƙwasa hanya, sau da yawa ya ƙare da hancinsa sama gindinsa ƙasa. An tsara makunnin ne bam na tsaye hanci ƙasa don asiton ya zauna kan robar, to da ya juye sai ruwan ya koma ɗaya gefen, tururinsa kawai ke isa wajen. Robar ba ta narke ba amma ta sha tururi, ta tsufa, ta yi rauni, sifirin kuma yana nan a ɗame yana jan ta dare da rana. Wata rana za ta saki, ko don girgizar motar gini, ko don an ɗan juya bam ɗin, ko ma ba dalilin komai. Shi yasa lokaci-lokaci a Jamus da Ostiriya ake jin bam ya tashi da kansa a gona ko gefen titi. Garin Oranienburg da ke arewa da Balin shi ya fi kowa shan wannan wahalar, an zuba masa irin waɗannan masu jinkiri da yawa a Maris 1945, yawanci na Amurka, kuma tun 1990 an kwance ko an fasa sama da 200 a garin.

A garin Göttingen na Jamus ranar 1 ga Yuni 2010 wani bam mai makunnin jinkiri ya tashi tun ana shirye-shirye, ba a ma fara taɓa makunnin ba, ya kashe ƙwararru uku da suka daɗe a aikin, wasu shida suka ji rauni. A Munich kuma a Agusta 2012, a unguwar Schwabing, da aka tabbatar bam ɗin Amurka mai kilo 250 irin wannan makunnin gare shi kuma ba zai ciru ba, sai aka yanke shawarar fasa shi a tsakiyar gari, tagogi suka zube, ciyawar da aka lulluɓe shi da ita ta kama wuta ta faɗa kan rufin gidaje. Mutane sun yi ƙorafi sosai kan asarar, kuma ƙorafinsu da hujja, amma in ka ɗora shi kusa da abinda ya faru a Göttingen shekara biyu kafin nan zaka gane lissafin da ma'aikatan suka yi. Yanzu in an gane mai jinkiri ne ana ƙoƙarin kar hannu ya taɓa, akwai injin da ke yanka ƙarfe da tsinin ruwa mai haɗe da yashi, ana sarrafa shi daga nesa ya yanke gindin bam ɗin gaba ɗaya da makunnin a jiki ba tare da an warware komai ba. Amma kafin a kafa injin sai mutum ya sauka ya duba da idonsa, wannan matakin har yau ba a samu mai yi wa ɗan Adam shi ba.

Takardu ma suna cikin aikin, kuma wannan ɓangaren yana burge ni. Bayan kowane hari jiragen leƙen asiri na Ingila da Amurka suna komawa su ɗauki hoton garin daga sama, miliyoyin hotunan nan suna ajiye, babban rumbunsu yana Edinbara a Sikotilan. A hoto, bam da ya tashi yana barin babban rami mai faɗi, wanda bai tashi ba ɗan ɗigo ne baƙi. Kafin a fara babban gini a garuruwa da yawa na Jamus sai an duba waɗannan hotunan. Sannan littattafan rundunonin jirage sun rubuta abinda aka loda a kowane dare, har da ko akwai masu jinkiri a ciki. Kaga kafin a kai ga tagullar an riga an san wa ya kai hari a wannan unguwar, a wane dare, da wane irin kaya. Ba ya maye gurbin gani da ido, yana dai sa mutum ya sauka ramin da zaton da ya dace.

Akwai kuma manya na musamman. Tallboy, wanda injiniya Barnes Wallis ya ƙirƙira, nauyinsa tan 5.4, makunni uku gare shi duk a gindi, wasu na nan take wasu masu jinkiri gwargwadon abinda aka nufa. An samu ɗaya a madatsar ruwa ta Sorpe a Jamus da ruwa ya ja baya, aka kwance shi a Janairun 1959, Bajamushe da hafsan sojan saman Ingila suka yi aikin tare, shekara 14 kacal bayan yaƙi, don a lokacin Ingila ce ta san cikin kayanta. Wani kuma ya kwanta a ƙasan mashigin ruwa na Świnoujście a Folan tun harin da aka kai wa jirgin yaƙin Jamus Lützow a Afrilun 1945. A ƙarƙashin ruwa mita 12, cikin taɓo, babu yadda za a yi a tsaya karanta lamba balle a warware, sai sojojin ruwan Folan suka zaɓi su ƙona abin cikin a hankali daga nesa. Ranar 13 ga Oktoba 2020 ƙonawar ta rikiɗe ta zama fashewa, ruwa ya tashi sama, amma duk masu nutso suna nesa ba wanda ya ji ciwo.

Sai ƙananan kaya, waɗanda su suka fi shiga hannun mutane. Fistol na tagulla abu ne mai kyan gani in an goge shi, ana sayar da su a kasuwannin tsoffin kayan soja a Turai, kuma tunda asalinsa ba abin fashewa a jikinsa mutane suna sakin jiki. Matsalar itace wanda aka tono daga ƙasa zai iya fitowa da guntun ditoneta manne a bakinsa, ko kuma abinda aka ɗauka fistol ne ashe fiyus ne mai abin fashewa a ciki. Hoto a waya ba ya nuna ciki, duk ƙwarewar wanda aka tura wa. Mu ma nan mun san irin wannan a Borno da Yobe, inda 'yan gwangwan da yara suka rasa rayukansu sanadin tsintar ƙarfen da suka ɗauka na sayarwa ne, kayan ba iri ɗaya bane amma yadda abin ke faruwa ɗaya ne. Ko ɗan bam ɗin gobara mai laba 4, sanda mai kusurwa shida da Ingila ta zuba wajen miliyan 80 a kan Jamus, wanda manoma da masu haƙan lambu ke tsinta har gobe, a cikinsu akwai samfurin da aka yi wa alamar X, shi an ɓoye masa ɗan abin fashewa a cikin kan ƙarfensa don ya raunata mai ƙoƙarin kashe wutar. Bayan tsatsa ta ci su, shi da wanda ba shi da komai ba a bambance su da ido, shi yasa hukumomin Jamus duk wanda aka kawo musu rahoto suke ɗaukar sa a matsayin mai X ɗin har sai sun tabbatar.